An Se-young da Haƙƙin 'Yar Wasa a Wuyan Hukuma

Ranar 5 ga watan Agusta na shekarar 2024, a birnin Faris, wata budurwa 'yar Koriya ta Kudu mai shekara 22 da haihuwa, ana ce da ita An Se-young, ta rinjayi He Bingjiao ta ƙasar Sin da ci 21-13 da 21-16, ta ɗauki lambar zinariya ta wasan badminton na mata ɗaiɗai a gasar Olamfik, abin da rabon ƙasarta da shi tun 1996, sa'ad da Bang Soo-hyun ta yi nasara a Atalanta. Da ta tsaya gaban 'yan jarida, kowa yana sauraron godiya da yabon manya kamar yadda aka saba, sai ta ce hukumar wasan ta ƙasarta ta yi sakaci da ciwon gwiwarta, har ba ta jin za ta iya ci gaba da zama cikin tawagar ƙasa a kan wannan hali. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, wannan magana tana da hujja, kuma lokacin da ta zaɓa ta faɗe ta, wanda shi aka fi zarginta a kansa, shi kaɗai ne lokacin da za a saurare ta.

Ba a fahimtar ƙorafinta sai an fahimci irin wasanta. Ƙwallon badminton gashin tsuntsu ne guda 16 da aka kafa a jikin wani ɗan toshi, nauyinsa bai wuce giram 5 da ɗan abin da ba a rasa ba. Yana barin madoki da gudu mai tsanani, sa'an nan iska ta tare shi, ya faɗo nan take, ta yadda mai tsaron fili ba ta da wani sukuni illa ta miƙa ƙafa ɗaya gaba ta durƙusa a kanta, ta ɗago shi kafin ya taɓa ƙasa, ta koma tsakiya ta jira wani. An Se-young ba da ƙarfin duka ta yi suna ba. Hikimarta ita ce mayar da duk abin da aka jefo mata, ko da kuwa sai ta shimfiɗe a ƙasa, har abokiyar karawa ta gaji, haƙurinta ya ƙare, ta buga waje ko ta sa a raga. Da yake da hannun dama take bugu, gwiwar dama ce take ɗaukar nauyin wannan durƙuso sau da yawa a kowane wasa, shekara da shekaru, tun daga 2017 da aka ɗauke ta tawagar ƙasa tana 'yar shekara 15.

Wannan salo ya kai ta inda ake so. Chen Yufei ta ƙasar Sin ta fitar da ita a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Olamfik ta Tokiyo, amma a 2023 ta rama a wasan ƙarshe na gasar All England, ta hau matsayi na ɗaya a duniya a farkon Agusta, kana ta doke Carolina Marin ta Sifaniya a Kofanhegan ta zama mutum na farko daga Koriya, namiji ko mace, da ya ci gasar duniya ta 'yan ɗaiɗai.

A watan Oktoba na 2023 ne, a wasan ƙarshe na gasar nahiyar Asiya a Hangzhou, gwiwar ta ba da ita tun a zango na farko. Aka naɗe mata ita, ta tashi ta ƙarasa, ta kuma cinye Chen Yufei, jama'a suka yi ta yabon jarumtarta. A ganina a nan ne amana ta hau wuyan hukuma, domin yarinya mai shekara 21 da ta ga zinariya a gabanta ba za ta ce a tsaya ba, kuma ba a neman wannan daga gare ta. Likita da shugabanni su ne aka ɗora wa alhakin duban gobe. Bisa ga bayaninta, binciken farko ya ce 'yan makonni sun isa ta warke, sai daga baya aka gane ciwon ya fi haka, alhali kuwa ta riga ta koma fili, ta ci gaba da wasa cikin raɗaɗi har Faris.

Masu sukarta suna da dalilai, kuma bai kamata a wofintar da su ba. Sun ce maganarta ta rufe murnar 'yan uwanta, cikinsu har da Kim Won-ho da Jeong Na-eun waɗanda suka samo azurfa a wasan namiji da mace, ita ma kuwa daga baya ta nemi gafarar 'yan wasan a kan haka. Sun ce hukumar ce ta rene ta, kuɗin kamfanin da yake ɗaukar nauyin tawaga kuma da shi ake tarbiyyar ƙanana, saboda haka maslahar jama'a tana gaba da ta mutum ɗaya. Girmama na gaba yana da tushe mai zurfi a Koriya, mu ma nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ni kuwa ina ganin alherinsa. Amma fa biyayya tana da sharaɗi, watau wanda ake yi wa ita ya sauke nauyin da ke kansa. Idan ya gaza, sa'an nan ya riƙe ƙofar fita ya kulle, to an bar babin ladabi an shiga babin zalunci.

Binciken da Ma'aikatar Al'adu da Wasanni da Yawon Buɗe Ido ta Koriya ta yi bayan maganarta ya nuna ƙofar a kulle take. A lokacin akwai ƙa'idar da ta hana wadda ba ta cikin tawagar ƙasa shiga gasar ƙasa da ƙasa sai ta yi wa tawagar hidimar shekara 5 kuma ta kai shekara 27, namiji kuwa 28. A lokacin ana kuma tilasta wa kowa kayan kamfani ɗaya, har da takalmi, ko da ya ji wa ƙafa ciwo. Aka kuma ruwaito cewa a sansanin horo ƙanana ne suke yi wa manya wanki da shara, ita ma ta yi shekaru tana yi. Wadda take cikin wannan ƙangi, in ta yi magana tana shan kaye, cewa za a yi uzuri take nema; in ta yi a ɓoye, wurin waɗanda take ƙara za a mayar da ita. Ba ta da wata kariya sai zinariyar da ke rataye a wuyanta, saboda haka ta yi magana ranar da ta same ta.

Ma'aikatar ta nemi a soke waɗannan ƙa'idoji, a watan Janairu na 2025 kuma aka zaɓi tsohon ɗan wasa Kim Dong-moon ya shugabanci hukumar, aka bar 'yan wasa su ƙulla yarjejeniyar kayan wasa da kansu. Ita kuwa ta ci gaba da zama cikin tawagar, ta sake cin All England a watan Maris, ta ƙare shekarar da kofi 11, adadin da Kento Momota na Japan ya kafa a 2019.