Daga Ames Zuwa Bagega: Tarihin Wata Gasa da Yaranmu da Dalma ta Taɓa

A watan Yulin 2006, wani ƙaramin birni mai suna Ames a jihar Iowa ta Amurka ya karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka keɓe wa masu raunin fahimta. Gari ne mai jami'a a tsakiyar gonakin masara, ƙasar manoma kamar tamu, amma ya saukar da 'yan wasa kimanin 3,000.

Tushen al'amarin ya girmi wannan rana. Eunice Kennedy Shriver, ƙanwar Shugaba John Kennedy, ta tashi tare da yayarta Rosemary mai irin wannan lalura, a zamanin da ake ɓoye irinta don gudun kunya. A 1962 ta fara tara yara a harabar gidanta suna guje-guje da ninƙaya. Ranar 20 ga Yulin 1968 aka yi gasar farko a Shikago da 'yan wasa kimanin 1,000 daga Amurka da Kanada, aka raɗa mata suna Special Olympics. Nijeriya ma ta shiga sahu, har ta tura tawaga Abu Dabi a 2019.

Abin da ya fi burge mu shi ne tsarin karawar. Sai an gwada ɗan wasa tukuna, sannan a haɗa shi da tsaransa a shekaru da iyawa, kuma rukuni ba ya wuce mutum takwas. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa bayan kaka ya san wannan hikima: ba a haɗa ƙato da ɗan tsako.

Mai karatu zai ce me ya haɗa mu da wannan labari. Idan ba a manta ba, a watan Maris na 2010 likitocin agaji na MSF suka lura yara na mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukanmu. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinari da ake kaiwa cikin gidaje ana daka ana niƙa, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. A Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, an rasa yara fiye da 400. Allah Ya jiƙansu.

An kankare gurɓatacciyar ƙasa an zuba sabuwa, ko da yake Bagega sai da ta jira har 2013. An bai wa dubban yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. Sai dai maganin ba ya gyara ƙwaƙwalwar da gubar ta riga ta taɓa. Wasu sun rayu da jinkirin magana da wahalar ɗaukar karatu. Ba taɓin hankali ba ne, amma mu da bakinmu muna kiransu dolaye, muna hana su shiga langa da ƙwallo.

Mun ƙirga waɗanda suka rasu, mun yi musu addu'a. Waɗanda suka rayu kuwa, yaron da ke shekara uku a 2010 ya cika sha takwas a 2025. Filayen makarantunmu na Anka da Gummi da Bukkuyum suna nan babu kowa duk lokacin hutu, kuma a harabar gida Eunice ta fara.