Wa Ke Naɗa Sarki, Wa Ke Tuɓe Shi?

Jama'a, manoma da makiyaya, maza da mata, musamman ku ɗaliban yaƙi da jahilci na Gamu da kewayenta, cikin gundumar Gure. Yau hirarmu ta tarihi ce. Ku gyara zama. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Ga tambayoyi uku da za mu bi. Idan sarki ya rasu, wa ke naɗa wani? Idan ya yi zalunci, wa ke tsawata masa? Shi kuma talaka mai biyan haraji, ina bakinsa a cikin maganar? Kakanninmu sun yi fama da waɗannan tambayoyi. Mutanen wata ƙasa mai nisa, wadda ake ce wa Girka, su ma sun yi fama da su. Bari mu fara da gida.

Kowane birni da sarkinsa

A zamanin da, ƙasar Hausa ba sarki ɗaya ke mulkinta ba. Kun san Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Kowane birni da ganuwarsa, da kasuwarsa, da dakarunsa, da ƙauyukan da ke biyan haraji gare shi. Harshe ɗaya suke yi, suna ciniki, suna auratayya, amma wani ba ya bin wani sai in an ci shi da yaƙi. Kano da Katsina sun daɗe suna gwabzawa.

Sarauta gado ce, amma ba dole ba ne babban ɗa ya gaji ubansa. 'Ya'yan sarki da ƙannensa duk suna iya nema. To, wa zai raba gardama? A nan ne aikin masu zaɓen sarki ya fito.

Tara ta Kano

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarauta da ake kira Gidan Rumfa. Shi ne kuma ya kafa majalisar manyan hakimai tara, wadda ake ce wa Tara ta Kano. A cikinta akwai irin su Galadima da Madaki. Su ke ba sarki shawara a kan yaƙi da sulhu. A zamaninsa ne wani babban malami, Shehu Magili, ya zo Kano, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga mai mulki: ya yi adalci, ya saurari kuka, ya kiyaye dukiyar jama'a.

Kada ku ɗauka hakimai 'yan amshin Shata ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ba da labarin wani ɗan sarki, Dakauta, wanda ba ya magana. Aka naɗa shi da fatan in ya hau gado bakinsa zai buɗe. Bai buɗe ba, kwana ɗaya aka sauke shi. A shekarar 1652 kuma aka tuɓe Sarki Kukuna aka naɗa Soyaki. Wata uku kacal Soyaki ya yi, hakimai suka sake shawara, suka mayar da Kukuna. Kun ga ke nan, rawani a kan sarki yake, amma akwai hannuwan da suka naɗa shi.

Maraɗi da Tsibiri

Bayan da mutanen jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, gidan sarautar da aka kora ya yo arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi. Sun taho da tsarinsu na masu zaɓe huɗu: Ƙaura, Galadima, 'Yandaka da Durɓi. Ƙaura shi ne shugaban yaƙi. Idan gado ya zama babu kowa, su huɗun nan ke zama su fid da wanda zai hau.

Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a 1836, ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Su ma suna da tasu majalisar, Tara ta Gobir. Kuma akwai sarautar mace mai ƙarfi, Inna. A Maraɗi ana ce wa takwararta Iya. Ita ce shugabar mata da 'yan bori, maganarta tana da nauyi a fada.

Amma tsarin yana da ciwonsa. Idan mai zaɓe ɗaya ya fi sauran dawaki da bindiga, sai ya danne kowa. Haka ta faru a Maraɗi ƙarshen ƙarni na 19, lokacin Ƙaura Hasau, wanda ƙarfinsa ya kai har ya fi na sarakunan da yake yi wa aiki.

Kusa da gida: Muniyo da Damagaram

Yanzu mu dawo yankinmu. Gure ita ce ta zama babban garin ƙasar Muniyo, sarkinta ana ce masa Muniyoma. A watan Disamba na 1852 wani Bajamushe matafiyi, Barth, ya sauka Gure a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Ya tarar da Muniyoma Koso a kan gado. Muniyoma sarki ne a ƙasarsa, amma yana kai gaisuwa ga Shehun Borno. Ashe sama da sarki ma akwai sarki. Sunayen sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima, daga Borno suka shigo ƙasar Hausa.

Damagaram ita ma ta bi Borno, sai dai ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suna ƙera masa igwa, ya riƙe cinikin ayarin da ke zuwa daga Tarabulus. Ya kuma dogara da bayin sarki wajen yaƙi da tattara haraji, domin bawa ba ya neman gado. Da haka ikon ya taru a hannun mutum ɗaya, har Muniyo ta koma ƙarƙashin Damagaram.

To, talaka fa?

A duk wannan labari ba mu ji an tambayi manomi ba. Gaskiya ne, talaka ba ya cikin masu zaɓe. Amma yana da hanya biyu. Ta farko, ƙafarsa. In haraji ya yi nauyi, sai ya ɗaure kayansa, ya kora awakinsa, ya koma ƙasar wani sarki. Sarkin da mutanensa suka watse, da wa zai yi yaƙi? Ta biyu, bakin malamai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Gobir a kan haraji marar ƙa'ida da ƙwacen dukiya, kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804. Jama'ar da suka bi shi suna da yawa, domin ya taɓa inda ke yi musu ƙaiƙayi.

Abin da ya faru a Girka

Yanzu mu ƙetare hamada, mu ƙetare Bahar Rum. Can akwai ƙasar Girka, mai duwatsu da tsibirai. Su ma harshensu ɗaya, amma biranensu sun fi dubu, kowane da mulkin kansa. Ku lura da lissafin shekarun da za mu faɗa: kafin haihuwar Annabi Isa ne, alaihis salam. Shi ya sa lambar ke raguwa maimakon ta ƙaru.

Girkawa sun gwada mulki iri huɗu. Akwai mulkin sarki. Akwai mulkin 'yan tsiraru, wato masu gonaki da dukiya. Akwai mulkin wanda ya ƙwace da ƙarfi. Sannan akwai mulkin jama'a.

A birnin Sifarta sarki biyu ne a lokaci guda. Tare da su akwai dattawa 28, kowane ya kai shekara 60. Kowace shekara kuma ana zaɓen mutum 5 masu sa ido a kan sarakunan. Wannan ya yi kama da Tara ta Kano: manya na tsare manya.

Birnin Atina ya bi wata hanya dabam. Can bashi ya ci talakawa. Manomi ya ci bashi ya kasa biya, sai a karɓe gonarsa, ko a sayar da shi bawa. Kun san zafin bashin hatsi da ake ɗauka da damina a biya da kaka. Gari ya kusa yamutsewa. A shekara ta 594 aka ba wani mai hankali, Solon, iko ya gyara. Ya yafe basussukan, ya hana a bautar da ɗan gari saboda bashi.

A shekara ta 508 wani mai suna Kilistenis ya ƙara gaba. Ya raba 'yan gari rukuni 10, ya cakuɗa mutanen birni da na bakin teku da na karkara a kowane rukuni, don kada dangi ɗaya ya yi rinjaye. Kowane rukuni ya ba da mutum 50, suka zama majalisar mutum 500. Ba a duba gado, ƙuri'a ake jefawa, wanda ta faɗo kansa shi ne, na shekara ɗaya. Wannan majalisa tana shirya magana ne kawai. Yanke hukunci na taron jama'a ne, a kan wani tudu. Daga baya taron ya kai sau 40 a shekara. Maƙeri da manomi da attajiri, kowa na iya miƙewa ya yi magana, sannan a ɗaga hannu a ƙirga. Shugabannin yaƙi 10 kuwa zaɓensu ake yi, domin yaƙi sai gwani.

A harshensu “demos” jama'a ne, “kiratos” kuwa iko. Daga nan kalmar dimokuraɗiyya ta fito.

Ga abin da ya shafe ku, ɗalibai. Sau ɗaya a shekara mutanen Atina na iya korar babban mutumin da suke tsoron zai danne su. Kowa ya ɗauki katanga, wato fasasshen tulu, ya rubuta sunan wanda yake so a kora. Wanda sunansa ya fi yawa ya bar gari shekara 10. To, wanda bai iya rubutu ba fa? Sai ya miƙa wa wani ya rubuta masa. In an rubuta wani suna dabam, ina zai sani?

Kada kuma mu yabi ɗan kuturu tun bai shekara arba'in da yatsa ba. A Atina mata ba su da baki a taro, bayi ba su da shi, baƙi mazauna gari ba su da shi. Masu ɗaga hannu ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ƙasar ba. Inna ta Gobir ta fi kowace mace ta Atina iko. Taro kuma yakan yi kuskure: a shekara ta 399 kotun jama'a ta yanke wa malami Sokaratis hukuncin kisa. Sau biyu 'yan tsiraru suka ƙwace mulki, a 411 da 404, jama'a suka ƙwato abinsu. A 322 sojojin Makidoniya suka kawo ƙarshen wannan tsari.

Daga Nasara zuwa akwatin zaɓe

Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Daga nan naɗi da tuɓewa suka koma hannun kumandan. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, suka kai shi ƙasar Kodibuwa, gadon Damagaram bai koma ga gidansa ba sai 1923. Sarakunan kanto suka zama masu tattara lanho da fid da mutanen aikin dole. An soke aikin dole a 1946. Dokar 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, namiji da mace. Ran 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar, ran 3 ga Agusta 1960 ta sami 'yancin kai.

Hanyar ba ta miƙe ba. Soja sun karɓi mulki a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. A tsakani an yi Babban Taron Ƙasa a Yamai a 1991. A 1993 ƙuri'a ta ba Mahaman Usman, ɗan Damagaram, shugabancin ƙasa. Ran 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265, har da Gamu. Ran nan jikokin waɗanda ba su da makami sai ƙafarsu suka zaɓi masu zama majalisar garinsu.

Jama'a, sarki goma zamani goma. Amma kowane zamani, tambayoyin nan uku suna nan. Duk inda ake tara kuɗin jama'a, ko na rijiya, ko na rumbun tsimi, ko na ƙungiyar mata, akwai wanda ke riƙe littafi. Wanda ya iya karatu zai ce a buɗe ya gani. Wanda bai iya ba sai ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Su wane ne masu zaɓen sarki huɗu na Maraɗi?
2. Wane gyara Solon ya yi wa masu bashi?
3. Su wa aka bari a baya a taron Atina?
4. Ku tambayi dattawan garinku yadda ake naɗa mai gari a zamanin iyayensu, da wanda ke da baki a ciki. Ku rubuta amsar da hannunku, ku kawo wa malaminku.

Nan za mu dasa aya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya bar mu cikin zaman lafiya. Ku huta lafiya.