Daga Ƙololuwa zuwa Jimilla: Nazarin Asali, Ma'anoni da Amfanin Kalmar Ingilishi *Sum*

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin kalmar Ingilishi *sum*, wadda aka fi fassarawa da jimilla, tun daga tushenta a Latin har zuwa aikinta a yau a harkar kuɗi da lissafi da shari'a. An auna ma'anoninta bisa tarihin shigowarsu, an kuma kwatanta ta da takwararta *total*. Binciken ya gano cewa manyan ma'anoninta duka sun riga sun nuna a Latin kafin Ingilishi ya are su, kuma shahararren bayanin da ke danganta kalmar da yadda Rumawa ke tara lambobi bai kai hujja ba.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibi a Nijeriya yakan fara cin karo da *sum* a littafin lissafi na firamare, takwaransa na Nijar kuma da *somme* ta Faransanci. Uwar kalmomin biyu ɗaya ce. Da ɗalibin ya girma sai ya sake tarar da ita a takardar kwangila da ta inshora da ta fansho, kowace da irin ma'anarta. Tambayar da aka sa a gaba ita ce: shin waɗannan ma'anoni haɗuwa kawai suka yi, ko kuwa akwai igiyar da ta ɗaure su? An bi hanyar nazarin tarihin kalma, wato duba sigoginta a harsunan da ta ratsa da irin rubuce-rubucen da ta bayyana a cikinsu.

2.0 Asali

Tushen kalmar shi ne *summa* ta Latin, siga ta jinsin mace daga sifar *summus*, wadda ke nufin mafi tsayi ko na ƙoli. Ita kuma 'yar'uwa ce ga *super*, wato bisa. Tun a zamanin Rumawa *summa* tana ɗauke da kaya uku: matsayi mafi girma, ƙashin bayan magana, da jimillar kuɗi ko lambobi.

Ba kai tsaye ta shiga Ingilishi ba. Bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin kuma na rubuta kundin baitulmali. Daga sigogin *summe* da *somme* na Faransancin wancan zamani kalmar ta tsallaka, ta bayyana a rubutun Ingilishi wajajen shekarar 1300, kuma ma'anar da ta yi fice tun farko ita ce adadin kuɗi. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ta ƙofar masu karɓar haraji da malaman ajiya ta shigo. Turawan Ingila suna da nasu kalmomin ƙidaya tun da can, irin su *tale* da *tell*, amma ma'anar labari ta rinjaye su, sai 'yar ɓurɓushi a sunan *teller*, mai ƙirga kuɗi a banki.

Akwai wani abu da ke rikita mai karanta tsoffin rubuce-rubuce. A Tsohon Ingilishi ma akwai *sum*, sai dai tana nufin wani ko waɗansu, ita ce ta zama *some* ta yau. Marubutan hannu na tsakiyar zamani suka riƙa sa *o* a gurbin *u* in ta zo kusa da *m* ko *n*, don kada sandunan haruffan su cakuɗe, kamar yadda ya faru da *come* da *son*. Furucin *sum* da *some* ɗaya a yau, amma babu dangantaka tsakaninsu.

2.1 Labarin tarawa daga ƙasa zuwa sama

Bayanin da ya fi yawo shi ne cewa Rumawa daga ƙasa suke tara lambobi su yi sama, su rubuta amsa a layin ƙoli, shi ya sa aka kira ta ta-sama. Labarin yana da daɗin faɗa a aji, kuma ƙamusoshi da dama sun kawo shi, galibi da kalmar wataƙila.

Wannan maƙala tana ganin ba a buƙatarsa. Kwatanta abu mafi muhimmanci da kai ko ƙololuwa al'ada ce da harsuna da yawa suka yi tarayya a kanta, ba tare da sun duba inda aka rubuta lamba ba. Girkawa suna kiran jimilla da jigon magana *kephalaion*, daga kalmarsu ta kai. Uwar kuɗi a Larabci ra'asul mali ce, kan dukiya. Ita ma *capital* daga *caput* ta fito, kai a Latin. Jimilla ita ce lambar da ta shugabanci sauran, ko a ina aka ajiye ta. Ƙari a kan haka, a takardun lissafin gonaki da gidajen ibada na Ingila a ƙarni na 13 da na 14, a ƙarshen kowane sashe ake rubuta *summa*, sannan a rufe da *summa totalis*. Ke nan lokacin da Ingilishi ya karɓi kalmar, a gindin shafi take zaune, kuma daga nan aka samu tagwayen nan *sum total*.

3.0 Ma'anoni da wuraren amfani

A harkar kuɗi ba sai an tara komai ba. Naira dubu da aka ranta wa mutum *sum* ce, ko da takarda guda ce. Dokar takardun biyan kuɗi ta Birtaniya ta 1882 ta shardanta cewa adadin ya zama *sum certain*, tabbatacce ba mai canzawa ba. Masu inshora suna da *sum assured*, abin da kamfani ya ɗau alkawarin biya. Ma'aikacin da ya yi ritaya a Nijeriya ya san *lump sum*, dunƙulen kuɗin da dokar fansho ta 2004 da ta 2014 suka ba shi damar cira a karo guda. Mai fassara da ya sa jimilla a waɗannan wurare ya kauce, adadi ko kuɗi kawai ake nufi.

A lissafi ne kalmar ta fi yin aiki, kuma a nan ta fi nisa da asalinta. Ma'anarta ta ƙa'ida ita ce sakamakon tarawa, ban da na ɗebewa ko ninkawa ko rabawa. A 1675 Leibniz ya ɗauki dogon harafin *s*, farkon *summa*, ya mai da shi alamar ∫ don tara ɓangarori marasa iyaka. A 1755 Euler ya zaɓi harafin Girkanci Σ don tara jerin lambobi. Duk mai aiki da Excel yau yana rubuta SUM ba tare da tunanin Latin ba. Amma a lura, in aka tara 5 da −3 amsar 2 ce, ba ta kai 5 ba. In aka tara rabi da rubu'i da sumuni, aka ci gaba da raba kowane biyu har abada, jimillar 1 ce tak. Haka nan a *zero-sum*, laƙabin da littafin von Neumann da Morgenstern na 1944 ya yaɗa, ribar wani ita ce asarar wani, jimilla sifiri. Ta-sama ta daina zama mafi girma.

Sai kuma wata matsala ta aji. A Ingilishin makarantun Birtaniya, zuwa ƙarni na 19, jam'in *sums* ya koma nufin kowane aikin lissafi, har da ɗebewa da rabawa. Malami yakan ce a yi *sums* ya ba da rabawa, gobe littafi ya ce a nemo *sum* yana nufin tarawa kaɗai. Yaron da ba harshensa ba ne yana da uzuri in ya ruɗe.

Ma'ana ta uku, jigon magana, ita ce ta manyan littattafai. Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya bar *Summa Theologiae* bai kammala ba. Luca Pacioli ya buga tasa *Summa* ta lissafi a Venice a 1494, inda ya yi bayanin tsarin shigar da kowace ma'amala a gurbi biyu da akantoci ke bi har yau. Daga wannan reshe *summary* ta fito, da aikatau *sum up*, wanda alƙali a Ingila ke yi in zai tattara hujjoji ga masu taya shi yanke hukunci. *Summit* ce kaɗai ta riƙe ƙololuwar dutsen.

4.0 Tsakaninta da *total*

*Total* daga *totus* take, wato duka, ta shigo a ƙarshen ƙarni na 14. Tana duban cikar abu, ba abin da ya rage. Shi ya sa take zama sifa cikin sauƙi, a ce husufi ko asara ta zama *total*, abin da *sum* ba ta iyawa. A gindin rasit su biyun suna musanya, a wajen rasit kuwa kowacce da hanyarta.

Hausa ta ari jimla da jimilla daga *jumla* ta Larabci, kuma tana cewa a jimlace in za a dunƙule magana, don haka ta rufe ma'ana biyu cikin uku. Ta adadin kuɗi ce ba ta rufe ba. Ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa da ya ba da jimilla kaɗai ya bar mai fassara takardar kwangila a hanya. Ya kamata masu tsara ƙamus su ware adadin kuɗi, sakamakon tarawa, aikin lissafi da jigon magana, kowanne da misalinsa, malaman firamare kuma su daina kiran aikin rabawa da sunan tarawa.