Ɗan naman da likitoci suka ce ba shi da aiki

Yau tarihin wani ɗan nama za mu bi, wanda ke kwance a bayan ƙashin ƙirjin kowannenmu, a saman zuciya. Sunansa taimus. A jikin jariri babba ne, amma daga balaga sai ya yi ta motsewa har ya koma kusan kitse zalla. Wannan motsewar ce ta sa likitoci suka daɗe suna ganin ba shi da wani aiki.

Ba raini kawai aka yi masa ba, har zarginsa aka yi. A farkon ƙarni na 20 likitoci a Amurka da Turai sun ɗauka girman taimus ne ke shaƙe jarirai su mutu a cikin barci. Sai aka riƙa haska wa yara masu ƙoshin lafiya hasken eksire a ƙirji don ya motse. Bayan shekaru, wasu daga cikin yaran nan suka kamu da sankarar wuya. Kun ji aikin jahilci idan ya saka farar riga.

Wanda ya wanke taimus wani matashin likita ne, Jacques Miller, a Landan, a 1961. Shi ma ba abin da ya fita nema ke nan ba, sankarar jini yake bincike a jikin ɓeraye. Ya cire wa jariran ɓeraye taimus da zarar an haife su. Suka rame, cututtuka suka yi musu rubdugu, kuma da ya dasa musu fatar wani ɓeran daban, jikinsu bai ƙi ta ba, alhali jiki mai lafiya ba ya karɓar baƙuwar fata. To me ya sa na gabansa ba su ga haka ba? Saboda manyan dabbobi suke yi wa tiyatar. Taimus makaranta ce. Idan ka rushe ta bayan ɗalibai sun kammala sun watsu cikin gari, ba za ka ga giɓi nan da nan ba.

Ɗaliban nan su ne ƙwayoyin T, wani jinsi na fararen ƙwayoyin jini. Daga ɓargo suke fitowa, su shiga taimus a tantance su. Wadda ba ta iya gane komai ba, a kashe ta. Wadda ta nuna za ta far wa jikin mai ita, ita ma a kashe ta. Fiye da kashi 90 cikin 100 ba sa fita da rai.

Wani abin dariya: ɗaya rabin labarin daga kaji ya fito. A 1956 Bruce Glick ya gano cewa kajin da aka cire wa wata 'yar jaka kusa da dubura ba sa iya yin antibodi, wato sinadaran da ke manne wa ƙwayar cuta a cikin jini. A mujallar kiwon kaji aka buga binciken, don haka masana da yawa ba su gani ba. Sai a 1965 Max Cooper da Robert Good suka haɗa biyun, suka nuna runduna biyu ce: ƙwayoyin B masu antibodi, da ƙwayoyin T na taimus.

Su kansu ƙwayoyin T ba iri ɗaya ba ne. Kowace ƙwayar halitta a jikinka tana baje 'yan gutsattsarin abin da ke cikinta a bayanta, kamar mai talla da faranti. Masu alamar CD8 suna zagayawa suna duba farantin, in suka ga kayan bairos, su kashe mai tallar. Masu alamar CD4 kuwa yawanci ba kisa ne aikinsu ba. Su ke zuga ƙwayoyin B su yi antibodi mai inganci, su ke ƙarfafa CD8, su ke umartar masu haɗiye ƙwayoyin cuta su narkar da abin da suka haɗiye.

Duniya ta san nauyin CD4 ne ta hanya mai ɗaci. A watan Yunin 1981 likitoci a Los Angeles suka ba da rahoton samari biyar da suka kamu da wani ciwon huhu wanda ba ya kama mai garkuwar jiki. Da aka auna jinin irin waɗannan marasa lafiya, sai aka tarar CD4 sun kusa ƙarewa. A 1983 aka gano ƙwayar HIV a cibiyar Pasteur ta Faransa, daga baya aka gane cewa alamar CD4 ɗin ita ce ƙofar da take bi ta shiga. Wato abin da Miller ya yi wa ɓeraye da wuƙa, shi wannan bairos yake yi wa ɗan adam a hankali. Mai lafiya yana da CD4 tsakanin 500 zuwa 1,500 a ɗan mitsitsin ɗigon jini. In suka faɗi ƙasa da 200, tarin fuka da sauran cututtuka sun samu gida babu maigadi. Da can sai an jira adadin ya sauka kafin a ba mutum magani. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da zarar an gano, kuma mai shan magani yadda ya kamata CD4 ɗinsa kan farfaɗo. Shi ya sa nake jin haushin masu tsangwama. Duk wanda kunya ta hana zuwa gwaji, wannan adadin ne ke zubewa a jikinsa bai sani ba.

To, idan bairos ya yi wayo ya ɗauke farantin gaba ɗaya fa? Wasu suna yin haka. Nan ne ƙwayoyin NK ke shigowa. Rolf Kiessling da abokan aikinsa a Suwidin, da Ronald Herberman a Amurka, su suka bayyana su a 1975. Suna kashe ƙwayoyin sankara ba tare da sun taɓa haɗuwa da su ba, abin da ya sa da farko wasu suka ɗauka kuskuren gwaji ne. Klas Kärre ne ya kawo bayanin: NK suna far wa ƙwayar da ta zo babu faranti. Wajen 2010 aka gano suna da dangi zaune a bangon hanji da huhu da fata, ba sa jiran horo irin na taimus. Wani rukuninsu da tsutsar ciki yake faɗa, yana sa hanji ya ƙara majina ya tunkuɗe ta waje.

Saura birki. A 1969 masu bincike a Japan suka cire wa ɓeraye taimus a kwana na uku da haihuwa, sai garkuwar jikinsu ta juya ta far wa jikin nasu. Shimon Sakaguchi ya bi wannan zare har 1995, ya nuna akwai wasu CD4 da aikinsu kawai su hana 'yan uwansu wuce gona da iri. A 2025 ya samu kyautar Nobel tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell. Shi kuwa Miller, wanda ya buɗe ƙofar, bai samu Nobel ba. Kyautar Lasker aka ba shi tare da Cooper a 2019, shekara 58 bayan ɓerayen Landan.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.