Hamburg, Birnin Bakin Kogin Elbe, Da Abin Da Ya Haɗa Mu Da Shi

Birnin Hamburg yana arewacin ƙasar Jamus, a bakin kogin Elbe, kimanin kilomita 100 daga inda kogin ya faɗa cikin teku. Duk da wannan tazara manyan jiragen ruwa suna shigowa har cikin gari, kuma ruwan kogin yana cika yana janyewa sau biyu kowace rana kamar na teku. Na je can ne yawon buɗe ido kawai, amma ɗalibin tarihi ko barci yake yi da tambaya a bakinsa. Saboda haka abin da zan kawo wa 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu a nan ya fi karkata ga tarihin garin, musamman wuraren da ya taɓa namu.

Baƙo yakan fara ne da shiga ƙaramin jirgin da ke zagayawa da mutane cikin tashar jiragen ruwa, ni ma haka na yi. A nan na ji suna alfahari da cewa ranar 7 ga Mayu, 1189, sarki Frederick Barbarossa ya ba garin takardar da ta yafe wa jiragensa kuɗin fito daga nan har teku. Kowace shekara suna bikin wannan rana. Abin dariya shi ne masana tarihinsu sun tabbatar cewa takardar jabu ce, an rubuta ta ne a ƙarni na 13, bayan sarkin ya daɗe a kabari. Amma fa ta yi musu aiki. Garin ya ƙulla yarjejeniya da Lübeck a 1241, ya zama jigo cikin ƙungiyar biranen fatake da ake kira Hansa, kuma har yau attajirai ake tunawa da su a can fiye da sarakuna. Wanda ya san Kano ba zai rasa gane irin wannan gari ba.

Masifu kuwa sun sha su. Gobarar watan Mayu na 1842 ta yi kwanaki tana ci, ta lashe babban yanki na tsohon gari. A 1892 ciwon amai da gudawa ya kashe mutum fiye da 8,000, domin hukumar gari tana ba jama'a ruwan Elbe ba tare da tacewa ba, alhali maƙwabciyarsu Altona, wadda ke tace nata, ta tsira da sauƙi. A watan Yuli na 1943 jiragen saman Ingila da Amurka suka yi wa garin ruwan bama-bamai, mutum fiye da 30,000 suka halaka. Majami'ar Nikolai, wadda hasumiyarta mai mita 147 ta taɓa zama gini mafi tsawo a duniya, an bar ta kango da gangan don kada a manta. Na hau hasumiyar, na sauko ba ni da bakin magana.

To, inda na fi daɗewa shi ne unguwar da suke kira Speicherstadt, watau garin sito. Dogayen gine-gine ne na jan bulo, a jere bisa turakun itace cikin ruwa, kowane da ƙofa ta titi da ƙofa ta ruwa, inda ake jawo buhuna sama da igiya. An buɗe ta a 1888, bayan an tashi mutum wajen 20,000 daga gidajensu don a sami fili. A nan ake jibge gahawa da koko da shayi da kayan yaji da dardumai. Mai karatu zai ce, to ina ruwan Bahaushe da wannan? Ruwansa yana cikin aljihunsa, ko kuwa in ce cikin aljihun kakansa.

Mun sani kafin zuwan sulalla wuri ne kuɗinmu, ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Wurin asali daga tsibiran Maldibs yake fitowa, tafiyarsa doguwa ce, saboda haka yana da daraja. Ana nan sai 'yan kasuwar Hamburg suka gano cewa a gaɓar Zanzibar akwai wani irin wuri, ya ɗan fi wancan girma, ga shi da araha ƙwarai. Tun daga shekarun 1840 gidan Hertz, sannan gidan O'Swald, suka shiga loda shi cikin jirage suna zagayowa da shi Ikko da Wida, suna sayen manja da shi. Daga bakin teku wurin ya bi fatake ya hauro Nufe da ƙasar Hausa. Kowa ya san abin da ke faruwa in kuɗi suka yi yawa kaya ba su ƙaru ba. A 1851 wuri 2,500 ake ba da liyari ɗaya na azurfa a kasuwar Kano. Kafin ƙarshen ƙarnin darajarsa ta zube, har ta kai keso guda, watau wuri 20,000, wanda ɗan dako ke nishi a ƙarƙashinsa, bai taka kara ya karya ba, kuma in tafiya ta yi nisa ladan dakon ya kusa cinye kayan. Manyan fatake suka koma riƙe dukiyarsu cikin azurfa da tufafi da dawaki da bayi. Talakan da ya tara 'yan wurinsa cikin tulu shi ya ji jiki, bai kuwa taɓa jin sunan Hamburg ba. A ganina duk wanda zai rubuta tarihin tattalin arzikin daular Sakkwato a ƙarshenta, bai gama ba in bai leƙa littattafan lissafin waɗannan gidaje ba.

Akwai kuma wani gida a tsakiyar gari mai suna Afrikahaus, wanda iyalin Woermann suka gina a 1899, da siffar giwaye biyu a farfajiyarsa. Adolph Woermann ya yi arziki da kai barasa Afirka ta Yamma, kuma wakilan kamfaninsa suna cikin waɗanda suka sa sarakunan Duwala hannu a takardar 1884 wadda ta mai da Kamaru ƙasar Jamus. Ƙarshen wannan takarda shi ne rabuwar Adamawa gida biyu, Yola a hannun Ingilishi, Garwa da Ngaundare a hannun Jamusawa. Masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto da giwayen, ni dai hannuna ya ƙi.

Kada a ce na ɗauko baƙin kawai na bar farin. A wannan gari aka haifi Heinrich Barth a 1821, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarim. Ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman, ya ƙiyasta mazaunanta 30,000, ya bayyana marina da masaƙa da fataucin da ke kai turkuɗi har Tambutu da Tarabulus. Ya iya Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci, ya zauna da malamai yana tambaya yana rubutawa. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, kuma abin da ya rubuta ya amfani waɗanda suka zo da bindiga bayan shekara hamsin. Wannan gaskiya ce. Gaskiya ce kuma cewa ba mu da wani baƙo na ƙarnin da ya dube mu da idon basira kamarsa, kuma ba ni ganin ɗayar ta soke ɗayar. Abokin tafiyarsa Adolf Overweg, shi ma haihuwar Hamburg, ya rasu a bakin tafkin Chadi a 1852.

Overweg ɗin nan ne ya 'yanta wasu yara biyu, Abbega da Dorugu, waɗanda Barth ya tafi da su Turai a 1855. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram. A Ingila ya zauna da Schön, yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, Schön yana rubutawa da boko, abin da ya shiga littafin Magana Hausa na 1885. Watau ɗaya daga cikin tsofaffin rubutattun zube na Hausar boko daga bakin yaron da aka kama bauta ya fito. Ya komo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912, yana aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa.

Ranar da zan bar garin na bi ta jami'a. Asalinta makarantar horar da ma'aikatan mulkin mallaka ce da aka kafa a 1908, inda Carl Meinhof ya fara koyar da harsunan Afirka a 1909, kafin ta zama jami'a a 1919. An daɗe ana koyar da Hausa a can, kuma a ɗakin karatunsu akwai littattafan Hausa waɗanda samunsu a nan gida sai an sha wuya. Daga nan na gangara bakin kogi, na shiga tsohuwar hanyar ƙarƙashin ruwa da aka buɗe a 1911, mai tsawon mita 426, na ratsa Elbe da ƙafa, jirage suna wucewa ta bisa kaina.