Ƙwanƙwasa a ƙasan mota: yadda ake gano tushenta kafin a sayi kayan gyara

Duk mai ƙaramar mota da ke zirga-zirga tsakanin Sabon Tasha, Narayi, Barnawa da Kakuri ya san wannan sauti: wani ƙwas-ƙwas da ke tasowa daga ƙasan mota da zarar an sauka daga kwalta an shiga layin unguwa. Sau da yawa bakanike kan yanke hukuncin cewa shokozoba ce, a saya a ɗaura, ƙarar kuma tana nan. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kayan gyaran da ake shigowa da su sun yi tsadar da ba ta bar wa mai mota damar gyara bisa zato ba.

A Kakuri ne masana'antar Peugeot ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma ƙirarta ta 504 ta yi suna wajen jure munanan hanyoyi. Ƙananan motocin da suka maye gurbinta, irin su Golf da Corolla, galibi na hannu ne, sun riga sun ci tafiya a ƙetare kafin su iso, sannan ramukan damina su ƙarasa robobinsu.

Lokacin da ƙarar ke fitowa

Mabuɗin bincike shi ne a lura da lokacin da sautin ke tashi.

Idan ƙaramar ƙwanƙwasa ce mai yawan maimaituwa a kan gargada, ta kuma ɓace a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, abin zargi na farko shi ne linkej, ɗan siririn ƙarfen da ke haɗa sandar daidaita mota da ƙafa. Yana cikin mafi arahar kayan ƙafa.

Idan ƙara ce mai nauyi guda ɗaya yayin taka birki ko tashi, a duba bushin na lowa am, wato robar da ke riƙe hannun ƙafa a jikin mota.

Idan tana fitowa yayin murɗa sitiyari mota na tsaye, a duba matashin da ke saman shokozoba. Idan kuwa ƙas-ƙas ce a jere lokacin shan kwana, matsalar ta shaf ce.

Gwajin da ba ya cin kuɗi

Da farko a tabbatar jak da sifaya ba su ne ke yawo a but ba, salansa ba ta saki ba, notunan taya kuma a ɗaure suke. Sannan a ɗaga motar, a tokare ta da kyau, domin jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. A kama taya sama da ƙasa a girgiza: motsi a nan alama ce ta bol join ko boris. A kama ta hagu da dama: motsi a nan na nuni ga tayarod. Ita shokozoba shaidarta daban ce: yoyon mai a jikinta, ko motar ta ci gaba da lilo bayan an danna kusurwarta an saki.

Wadda za a iya jinkirtawa da wadda ba za a iya ba

Linkej da ya mutu damuwa ce ga kunne, ana iya lallaɓa shi na ɗan lokaci. Bol join da tayarod kuwa su ne ke riƙe da taya da kuma alƙiblarta. Idan bol join ya fice ana cikin gudu a hanyar Kachia ko ta Abuja, tayar kan karye ta kwanta, sitiyari ya daina aiki.

Haƙƙin mai mota ne ya ce a nuna masa motsin da idonsa kafin ya biya, a kuma ba shi tsohon kayan da aka cire. Shokozoba ana canza ta biyu-biyu, hagu da dama. Notin bushin ana ƙarasa ɗaure shi ne bayan nauyin mota ya sauka a kan ƙafafunta, in ba haka ba robar takan murɗe ta yage da wuri. Bayan taɓa tayarod ko lowa am, a yi alayimen, don kada sabuwar taya ta cinye ta gefe guda.