Daga Tsohuwar Kujerar Baya Zuwa Baƙin Akwati: Wa Ke Sa Ido Kan Direba?

Yau hirar tamu ta mota ce. Akwai wata 'yar na'ura da kamfanonin inshora, wato asuransi kamar yadda muke cewa a nan, suke saka wa motoci a Turai da Amurka da Afirka ta Kudu. Girmanta bai fi akwatin ashana biyu ba, amma tana rubuta gudun da ka yi, da yadda ka taka birki, da lokacin da ka fito. Da wannan rubutun ake yanke maka kuɗin da za ka biya. Turawa na ce mata baƙin akwati. Gardamar da ake yi a can ita ce, shin ta dace da mai mota mai ƙarfin inji, irin wadda aka ƙera don gudu?

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da amalanke da babur suka fi yawa a ƙofar gidajenmu. Ai kuwa da ruwanmu. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ta Gidan Rumji ta bi, ta bi Cadawa da Agye da Gazawa. Manyan motocin nan, V8 da Hilux da 'yan uwansu, ta tsakiyar kasuwanninmu suke ratsawa. Mai su wani ne, amma ɗan da ke tsallaka kwalta namu ne.

Sa ido kan direba ba sabon abu ba ne a wurinmu. Dattawa za su tuna zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Ita ce sarauniyar hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, kuma a lokacinta ita ce motar gudu. Direban da ya fi kowa saurin isa shi ke da suna a tasha, samari na yi masa kirari. To amma a kusan kowace mota akwai wata tsohuwa a kujerar baya wadda in maleji ya hau sai ta ce, "Ɗana, a hankali, ba mu bar wuta a gida ba." Ita ce na'urarmu ta farko. Bayanta akwai karen mota, wanda in mai mota ya ja shi gefe ya ba shi na goro zai faɗi duk abin da ubangidansa ya yi a hanya. Matsalar waɗannan shaidu guda ce: tsohuwa ta sauka a garinsu magana ta ƙare, karen mota kuma gobe ma da direban zai ci tuwo.

Ita inshorar dole daga baya ta zo mana, kuma da takarda ta zo. Ingila ta wajabta ta a 1930. Najeriya ta samu dokarta a 1945, tun Turawa na nan. Faransa ta bi a 1958. A 1982 ƙasashen yammacin Afirka suka amince da katin nan mai ruwan ƙasa, wanda direbobin Maraɗi da Katsina suka daɗe suna riƙewa don ƙetare iyaka. Sannan ranar 10 ga Yulin 1992 aka sa hannu a Yawunde kan yarjejeniyar CIMA, wadda ta haɗa Nijar da sauran ƙasashen da yawancinsu ke amfani da sefa ƙarƙashin dokar inshora ɗaya, dokar ta fara aiki a Fabrairun 1995. Aya ta 200 ta wannan doka ita ce ta ce duk mai abin hawa mai inji dole ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna.

Ku lura da yadda ake yanke kuɗin. Ana duba ƙarfin injin da ke rubuce a takardar mota, da aikin da ake yi da ita, ko ta gida ce ko ta haya, da yankin da take yawo, da ɗan bayani kan mai tuƙa ta. A Najeriya ma abin ya fi haka sauƙi: tun Janairun 2023 motar gida naira 15,000 take biya a shekara, daga naira 5,000 da ake biya a da. Ke nan takarda ta san mota, ba ta san halin direba ba. Alhaji mai shekara sittin da ba ya wuce tamanin, da ɗansa da ke kwantar da allurar maleji, in Hilux ɗinsu iri ɗaya ce kusan kuɗi ɗaya za su biya. Kuma mu faɗi gaskiya, da yawanmu ba don hatsari muke yankar ta ba, don jandarma ne.

A Turai an fara maye gurbin tsohuwa da inji tun da daɗewa. Jamus ta wajabta wa manyan motoci wani agogo mai zana gudu da awannin tuƙi a kan faifan takarda tun farkon shekarun 1950. Direbobin Ingila sun ƙi shi ƙwarai, suka laƙaba masa sunan ɗan leƙen asirin cikin mota, sai da kotun Turai ta yanke hukunci a 1979 kafin ƙasar ta miƙa wuya. A 2006 aka koma na zamani mai aiki da kati. Wannan duk na gwamnati ne, kuma manyan motoci ya shafa.

'Yan inshora sun shigo ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kamfanin Progressive ya gwada tsarin a jihar Texas ta Amurka. A Ingila, Norwich Union ya fito da nasa a 2006, ya janye shi a 2008 don mutane ba su karɓa ba. Abin da ya ƙara wa kasuwar ƙarfi a Turai wani hukuncin kotu ne na 2011, wanda ya hana bambanta kuɗin inshora tsakanin mace da namiji daga Disambar 2012. A da 'yan mata na biyan ƙasa da samari don sun fi su natsuwa a hanya. Da aka toshe wannan ƙofa, sai kamfanoni suka ce to bari mu auna tuƙin kansa. Italiya ta zama kan gaba wajen yawan motoci masu akwatin. A nahiyarmu, Discovery Insure na Afirka ta Kudu ya fara a 2011, har yana mayar wa mai kyakkyawan tuƙi wani kaso na kuɗin man da ya sha.

To ina mai motar gudu a cikin wannan ciniki? A nan ne gizo ke saƙar. Na'urar ba ta san ko Starlet kake ciki ko Mercedes ba, lissafi kawai take yi. A tsarin Progressive mai suna Snapshot, in gudunka ya ragu da kimanin kilomita 11 cikin sakan ɗaya, an rubuta maka birkin gaggawa, har ta yi ƙara ka ji. Tuƙi tsakanin sha biyun dare da ƙarfe huɗu na asuba shi ma yana rage maki. Mota mai ƙarfi kuwa da ɗan taɓa totur ta zabura, birkinta kamar an daskarar da ita. Abin da mai ita ya zuba miliyoyi ya saya, shi ne daidai abin da akwatin ke rubutawa a matsayin laifi. In ya lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai zai samu ragi, amma sai a tambaye shi, to me ya sa ka saye ta?

Akwai kuma abin da ya faru a Amurka wanda ya kamata kowa ya ji. A Maris 2024 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa General Motors na miƙa bayanan tuƙin mutane ga kamfanonin tattara bayanai, LexisNexis da Verisk, su kuma 'yan inshora na saye daga hannunsu. Da yawan masu motocin ba su ma san an shigar da su ba. Wani mutum da aka ƙara wa kuɗi da kashi 21 cikin ɗari ya nemi takardunsa, aka ba shi shafi 258 ɗauke da tafiye-tafiye 640 na wata shida, kowace da lokacinta da birkinta. Wani mai Corvette ya koka cewa har gudun da ya yi a filin tsere, inda doka ta yarda, an kwashe. Kamfanin ya daina, kuma a Janairun 2025 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sanar da matakin hana shi miƙa irin waɗannan bayanai har shekara biyar.

Mafi kusa da mu da aka gwada wani abu mai kama da wannan shi ne Najeriya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya saka na'urar taƙaita gudu daga 1 ga Fabrairun 2017. Waccan ba ta kai rahoto, ita dai hana mota wuce iyaka take yi. Direbobi suka yi ta ƙorafin tsada, suka kuma kawo wata hujja: in 'yan fashi suka biyo mu, da me za mu tsere? Motocin gida, har da masu ƙarfin, ba a taɓa su ba. Aka ɗaure akuya, aka bar kura.

Wannan hujja ta 'yan fashi, mu mutanen gundumar Gidan Rumji ba za mu yi mata dariya ba. Mun san abin da yankin bakin iyaka ya gani a shekarun nan na satar shanu da sace mutane. Wurin da ake ajiye bayanin cewa motar wane tana fita ƙarfe kaza, tana bin hanya kaza ranar kasuwa, tana kwana a gida kaza, in ya faɗa hannun da bai dace ba, ba ragin kuɗi za a yi magana ba, rai ne. Duk wanda zai kawo mana wannan tsari sai ya fara gaya mana wa ke riƙe da makullin.

Sannan na'urar a kan hanyoyin wasu aka koya mata aiki. Ba ta san jaki ba. Ba ta san garken shanu da ke fitowa daga bayan geza ba, ko ramin da damina ta haƙa, ko yaron da ya biyo ƙwallo. Direban da ya taka birki da ƙarfi ya ceci rai, ita a wurinta maki ya rasa. Wanda ya bi dare don gudun zafin bazara kada taya ta fashe, shi ma laifi ne. In ba a gyara ma'aunin ba, direban kirki na iya fitowa da baƙin suna.

Duk da haka, ra'ayinmu a nan shi ne: gaskiya ne akwatin bai dace da mai motar da ya saye ta don gudu ba, kuma wannan rashin dacewar ita ce amfaninsa ga sauran jama'a. Ku yi lissafi da mu. Motar da ke kilomita 140 a awa tana cin kusan mita 39 a sakan ɗaya. Kafin direba ya ga amalanke ya ɗaga ƙafa daga totur, ya wuce tsawon gida biyu ko uku. In gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa bayan taka birki sau huɗu yake ninkawa, kuma ingancin mota ba ya soke wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, Afirka ce ta fi kowa yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a, kuma ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu na ƙara haɗarin kisa da kashi 4.

Kakanninmu na Gobir da Katsina sun san daɗin dabba mai gudu fiye da mu. Amma mahayin Tibiri da ya ƙoshi da ingarmansa, fili yake nema ranar sukuwa, jama'a su ja baya su yi kallo. Ba ya sakin linzami a rumfar masu tumatir. Bature mai Corvette yana da filin tsere da zai biya ya shiga, shi ya sa kukansa ke da ɗan tushe. Namu mai V8 filinsa shi ne kwaltar da ta ratsa Cadawa ranar kasuwa.

Wanda akwatin zai fi yi wa amfani tun yanzu shi ne mai motocin haya: ɗan kasuwar da ke da Hiace uku tsakanin Maraɗi da Tasawa, ko mai manyan motocin da ke ɗaukar wake da aya. Shi ba ya cikin motar, ba shi da shaida sai karen mota. Wasu ma sun riga sun saka na'urar bin sawu don tsoron ɓarayi, kuma irin wannan na'urar kan nuna gudu, karantawa ce kawai ba a yi. A ƙasashen da abin ya yi nisa, kamfanoni da dama sun daina saka akwati gaba ɗaya, manhaja ce a wayar direba ke yin aikin. Wayar kuwa tana aljihun kowane ɗan kabu-kabu daga Gidan Sori har Gazawa, ba sai an jira bakanike daga Yamai ba.